Abincin Kare Mai Tsada: Me Ake Saye, Kuma Yaushe Ya Dace a Sauya?

Watannin baya na ziyarci wani tsohon abokina a Abuja, injiniya, mutum mai tsari wanda ko batirin mota ba ya saye sai ya karanta bayaninsa. A sitonsa na tarar da buhuna uku na abincin kare, duka 'yan waje, duka kuma a buɗe. Ɗaya na naman rago da shinkafa, ɗaya na kifi da dankali, na ukun an zana kyarkeci a gabansa yana tsaye cikin dusar ƙanƙara. Ya ce duk mako yakan sauya wa karensa ɗaya, domin ya karanta a intanet cewa hakan na ƙara lafiya. Karen kuwa, wani ƙaton Boerboel, ya fi wata biyu yana zawo jefi-jefi, haƙarƙarinsa sun nutse cikin kitse. Kuɗin buhunan nan uku ya zarce albashin wata na maigadin da ke zuba masa abincin.

Na san wani mai karatu zai yamutsa fuska ya ce wannan ba zancenmu ba ne. To amma ya zaga sababbin unguwannin Kaduna ko Jos ko Kano da dare ya saurara. Taɓarɓarewar tsaro ta shigar da manyan karnukan waje gidajen da a da ba a taɓa jin haushi ba. Malamai sun daɗe da halatta ajiye kare domin farauta da kiwo da tsaron gona, da yawansu kuma sun haɗa da gadin gida; wanda duk ya ɗaure dabba kuwa, cinta da shanta sun hau wuyansa. Sannan tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, har dala ta haura 1,500 a farkon 2024, kuskure wajen sayen buhun waje ya zama asara ta gaske. Ra'ayina shi ne yawancin abin da ake biya a kan abincin kare mai tsada kuɗin talla ne, kuma sauye-sauyen abinci yana da hujja ɗaya tak mai ƙarfi, wadda ba ita ake faɗa wa mai saye ba.

A fara da kalmar “premium” da ake bugawa da manyan haruffa. A Amurka, inda akasarin wannan salon talla ya samo asali, kalmar ba ta da wata ma'ana a doka. Kowane kamfani na iya manna ta a kowane buhu. Abin da ke da ma'ana wata ƙaramar jumla ce a baya ko a gefe, wadda ke cewa abincin cikakke ne daidaitacce bisa ma'aunin AAFCO, wato ƙungiyar jami'an da ke sa ido kan abincin dabbobi a Amurka. A Turai takwarar ma'aunin ta FEDIAF ce. Ma'aunin AAFCO ya nemi aƙalla kashi 18 cikin ɗari na furotin da kashi 5.5 na mai ga babban kare, da kashi 22.5 na furotin da 8.5 na mai ga kwikwiyo da karya mai shayarwa, duk bayan an cire ruwan da ke cikin abincin daga lissafi. Jumlar takan kuma bayyana ta wace hanya aka cimma ma'aunin: ko dai an haɗa abincin bisa lissafi, ko an gwada shi a kan karnuka. Gwajin ba wani gagarumin abu ba ne, karnuka takwas ne na tsawon mako 26, amma ya fi babu. Ga masu manyan karnuka irin Boerboel da Caucasian akwai ƙarin abin dubawa: kwikwiyonsu ba ya jure yawan kalsiyam, yana lalata masa gaɓoɓi yayin girma, shi ya sa aka sa iyaka ta kashi 1.8, kuma buhun da ya dace da shi yakan faɗi hakan ƙarara.

Jerin kayan haɗi shi ne wurin da masu ilimi suka fi ruɗuwa, domin sun ɗauka karatu suke yi alhali talla suke karantawa. Ana jera kayan ne bisa nauyinsu kafin a dafa. Ɗanyen naman kaza kusan kashi 70 nasa ruwa ne, saboda haka yana iya zuwa na farko a jeri, amma bayan an busar da shi abin da ya saura ya gaza garin da ke biye da shi. Akwai kuma dabarar rarraba abu ɗaya gida uku, a rubuta wake, da garin wake, da furotin ɗin wake, domin kowanne ya sauka ƙasa nama ya zauna a sama.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda aka koya wa mai saye ƙyamar abin da kamfanoni ke kira ragowar yanka. Mene ne wannan ragowar? Hanta ce, da huhu, da saifa, da ƙoda, da tumbi. Kayan ciki ke nan, waɗanda mu muke biyan kuɗi mu sha farfesunsu. Ba'amurke ne ba ya cin su, sai aka sayar masa da ƙyamarsa a matsayin ilimin abinci, mu kuma muka sayo ƙyamar da dala. Hanta ta fi tsokar nama bitamin da ma'adanai nesa ba kusa ba. Kamfanin Blue Buffalo ya gina sunansa a kan alkawarin cewa ba ya sa garin ragowar kaji. A 2014 Purina ta kai shi kotu, a 2015 ya amsa cewa wani mai kawo masa kaya ya cusa masa shi, ya kuma amince ya biya masu saye dala miliyan 32. Bayan shekara uku General Mills ya saye kamfanin a kan kimanin dala biliyan 8. Alkawarin ya karye, kasuwar ba ta girgiza ba.

Sai kyarkecin da ke gaban buhu. Saƙonsa shi ne kare jikan kyarkeci ne, don haka hatsi ba abincinsa ba ne. A 2013 wasu masu bincike daga Jami'ar Uppsala ta Suwidin, ƙarƙashin Erik Axelsson, suka wallafa a mujallar Nature cewa ɗaya daga cikin manyan bambance-bambancen kare da kyarkeci shi ne narkar da sitaci: kyarkeci na da kwafi biyu na ƙwayar halittar AMY2B, kare kuwa yana da ninkin haka sau da yawa. Dubban shekarun zama a bayan ɗakin girkin ɗan Adam sun sauya masa ciki. Mafarautanmu da suka yi ƙarnoni suna ba karnukansu tuwo da kunu ba su buƙaci mujalla ta gaya musu ba.

Cire hatsi kuma ba ya nufin ƙara nama. Sitacin na nan, an dai musanya masara da shinkafa da nau'o'in wake da adas da dankali. A watan Yulin 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sanar da cewa tana bincike kan rahotannin wani ciwon zuciya, wanda ke sa zuciyar ta buɗe ta yi rauni, a cikin karnukan da ba a san jinsinsu da shi ba, kuma mafi yawansu irin wannan abinci suke ci. A 2019 ta ambaci sunaye 16 da suka fi fitowa a rahotannin, akasarinsu masu tsada. A ƙarshen 2022 ta ce bayanan da ke hannunta ba su isa su tabbatar da cewa abincin ne sanadi ba. Adalci ya sa a faɗi wannan. Amma lissafin mai hankali a nan mai sauƙi ne: amfanin cire hatsi ga lafiyayyen kare ba a nuna shi ba, haɗarinsa kuma ba a kore shi ba, ga shi ya fi tsada.

Yanzu ga batun sauyi. Hujjojin da aka fi ji guda biyu ne: kare na gundura da abinci ɗaya, kuma sauyi na hana jiki ƙin wani abinci daga baya. Ta farko tunanin mutum ne aka ɗora wa dabba. Lafiyayyen kare kan cinye kwanonsa shekara da shekaru ba tare da ƙorafi ba, wanda ake yawan sauya masa ne ma ke koyon tsirfa, ya ƙi ci yana jiran sabo. Ta biyu kuma tana iya juyewa ta zama matsala. Idan likitan dabbobi ya yi zargin cewa ƙaiƙayi ko zawon kare daga abinci ne, hanyar ganewa ita ce a ɗora shi kimanin mako takwas a kan naman da bai taɓa ci ba. Karen da aka zagaya da shi ta kan rago da agwagwa da zomo da kifi da barewa, wane nama ya rage a gwada shi da shi?

Hujja mai ƙarfi ita ce kuskuren masana'anta. A watan Maris na 2007 kamfanin Menu Foods na Kanada ya janye gwangwani da fakiti miliyan 60, daga baya kuma aka gano cewa garin alkamar da aka sayo daga Sin an gauraya shi da melamin, wani sinadarin yin roba da ke sa gwaji ya nuna furotin mai yawa. Ƙodar karnuka da kuliyoyi ta riƙa lalacewa. Abin da ya girgiza mutane shi ne kamfani ɗaya ne ke dafa wa sunaye kusan ɗari, masu araha da masu tsada. A 2019 Hill's, wanda likitoci da kansu ke rubuta wa marasa lafiya, ya janye abincin gwangwani saboda bitamin D ya yi yawa ainun. Karen da abincinsa ɗaya ne tak, duk kuskuren da ke cikin wannan abinci shi zai shanye, safe da yamma, har a gano. Wanda ke da madogara biyu ya rage wa kansa haɗari.

Sai dai wannan hujja tana koyar da wani irin sauyi daban da na abokina. Sauya ɗanɗano daga rago zuwa kifi a kamfani ɗaya bai kare komai ba, domin sau da yawa garin bitamin ɗaya ne da injin ɗaya. Abin dubawa shi ne wanda ya yi abincin, kuma sunaye na yaudara: Pedigree da Royal Canin na Mars ne, haka Orijen da Acana tun 2023, Purina ta Nestlé ce, Hill's na Colgate-Palmolive ne. Abinci biyu daga masana'antu biyu, kowanne da jumlar nan ta cika, a sauya idan buhu ya ƙare, wannan ya wadatar. Sauyin ma a yi shi a hankali cikin kwana bakwai zuwa goma, a fara da rubu'in sabo a kan tsoho, sannan rabi, sannan kashi uku, domin ƙwayoyin hanji su saba. Kwikwiyo mai girma, da kare mai ciwon ƙoda ko mai laulayin ciki, a bar su a kan abin da ya karɓe su.

Akwai abin da marubutan Amurka ba su cika damuwa da shi ba, wanda a wurinmu ya fi duk wannan muhawara nauyi. Buhun da ya iso Kano ya kwana makonni a kwantena, ya yi zaman jira a tashar Legas, ya hau tirela, ya zauna a shagon da ba sanyi. Ana fesa wa ƙwayoyin abincin mai a waje, man nan kuma zafin Afrilu mai haura 40 na lalata shi, ya tafi da wasu bitamin. Da damina kuma laima ke kawo fumfuna. Mu da muka san abin da aflatoksin ya yi wa sunan gyaɗarmu da masararmu a kasuwar duniya bai kamata a yi mana bayaninsa ba. Kare na cikin dabbobin da gubar ta fi yi wa illa a hanta. A ƙarshen 2020 aka janye abincin Sportmix a Amurka saboda ita, kuma FDA ta danganta mutuwar dabbobi sama da ɗari da lamarin. A can ke nan, inda ake gwaji ake kuma sanarwa. Buhu uku a buɗe lokaci guda yana nufin kowanne zai yi wata uku yana shan iska maimakon ɗaya. Abincin da ake farke buhu a auna da mudu a leda kuwa, babu ranar lalacewa, babu lambar NAFDAC, ba na ba wa kare shi ko kyauta ne. Sabon buhu matsakaici da aka yi kusa ya fi min tsohon buhu na alfarma da ya tsallako teku.

Wanda ya zaɓi dafawa a gida bai yi laifi ba, muddin ya san cewa tuwo da ƙashin miya ba su isa ƙaton kare ba. Miyarmu cike take da albasa da tafarnuwa, su kuma suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare sannu a hankali. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya huda hanji. Nama zalla ba tare da tushen kalsiyam ba yana raunana ƙashin kwikwiyo. Tsarin da likitan dabbobi ya auna, da kayan ciki daga kwata, da shinkafa ko masara, da ƙwai, na iya riƙe kare lafiya da kuɗin da bai kai na buhun waje ba.

Binciken da na fi ba muhimmanci a wannan fage bai shafi sunan abinci ba sam. An bi karnuka 48 jinsin Labrador tsawon rayuwarsu, biyu-biyu 'yan uwa ɗaya, abinci iri ɗaya, sai dai ɗaya na samun kashi 25 ƙasa da ɗan'uwansa. Sakamakon da aka wallafa a 2002 ya nuna waɗanda aka rage wa sun kai kimanin shekara 13, sauran kuma 11 da ɗoriya, ciwon gaɓoɓi ma ya jinkirta musu. Purina ce ta ɗauki nauyin aikin, kamfanin da ribarsa ke cikin a ci da yawa. Ban san wani buhu da aka nuna yana ƙara wa kare kusan shekara biyu ba. Ƙaramin kwano ya yi hakan.

Abokina ya kai karen wurin likita, aka duba kashinsa aka ba shi maganin tsutsa, aka zubar da buhuna biyu da suka fara warin tsohon mai. An bar shi a kan ɗaya, maigadi kuma aka ba shi kofin awo a maimakon kwanon da yake kamfata da shi. Bayan mako uku zawon ya tsaya. Da na koma watan jiya na shafa gefen karen, na ji haƙarƙari ƙarƙashin tafin hannuna, shi kuma injiniya yana tsaye yana juya wani sabon buhu, yana neman ƙaramar jumlar nan ta baya.