Mulkin tarayya ba dodo ba ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara

Fiye da shekara 30 ke nan ana tsorata ƴan Nijar da kalma guda: tarayya. Tun lokacin da ƴan tawayen arewa suka nemi a bar wa yankunansu ikon gudanar da kansu a 1994, duk wanda ya furta ta sai a liƙa masa laifin neman raba ƙasa. Masu wannan ihu ko dai ba su san abin da suke zagi ba, ko kuwa sun sani sarai, suna tsoron a rage musu abin da suka saba haɗiyewa a Yamai.

Ɗan kasuwar Bande da ke kai rake da riɗi Magariya, ya tsallaka Babura, ko ya kora shanu daga Dungas zuwa Maigatari, ya fi waɗannan malaman ofis sanin zancen, domin yana ganinsa da idonsa a ƙetaren iyaka. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya kasa iko hawa uku: gwamnatin tarayya, jihohi 36, da ƙananan hukumomi 774. Soja, kuɗin ƙasa, duwan da hulɗa da ƙasashen waje na gwamnatin tarayya ne ita kaɗai. Jiha kuwa, irin su Jigawa da Katsina, tana da gwamnanta da jama'a suka zaɓa, da majalisar dokokinta, da kasafin kuɗinta. Daga asusun tarayya, gwamnatin tsakiya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Haƙƙin kowane hawa na samun kasonsa yana rubuce cikin tsarin mulki, ba kyautar minista ba ne.

Majalisar tarayyar ma gida biyu ce, kuma da dalili. Majalisar wakilai mai kujera 360 tana bin yawan jama'a: Kano na da 24, Jigawa 11, Bayelsa 5. Majalisar dattawa mai kujera 109 kuwa jihohi take wakilta: kowace jiha uku, babba ko ƙarama, Abuja ɗaya. Doka ba ta wucewa sai gidajen biyu sun yarda, don kada masu yawa su danne marasa yawa. Haka Amurka take yi, kowace jiha da sanata biyu. Babban shinge kuma shi ne, ba a taɓa tsarin mulki sai da amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi, wato 24 cikin 36.

To, me aka ba Bande a madadin wannan? Yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 ta yi alkawarin kusanto da mulki ga talaka. Zaɓen ƙananan hukumomi na Fabrairu 1999 soke shi aka yi. Sai a Yuli 2004 Bande ta samu kansiloli da magajin gari zaɓaɓɓu, Dungas kuma ta zama gunduma mai cin gashin kanta daga Magariya a 2011. Amma gwamnan Damagaram da prefen Magariya kullum daga Yamai ake naɗo su, baitulmali kuma can yake. Ran da aka ga dama, a Afrilu 2024, sa hannu guda ya rusa majalisun jihohi da na ƙananan hukumomi duka, aka aiko kantomomi. Ikon da takarda ɗaya ke iya karɓewa aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Majalisar dokokin ƙasa, wadda juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya rusa, ita ma ba ta taɓa zama ta yankuna ba. Kujerunta sun tashi daga 83 a 1993 zuwa 171 a 2016, amma gida ɗaya ce, kuma jerin sunayen jam'iyya ake zaɓa a jiha baki ɗaya. Manomin Bande ya jefa ƙuri'a ga tutar jam'iyya, shugaban jam'iyya ne ya tsara wanda zai zo na farko a jeri. Ina mamaki in ɗan majalisa ya fi jin tsoron uban gidansa na Yamai a kan tsoron masu zaɓe?

Masu adawa za su ce a dubi Nijeriyar da kyau. Gaskiyarsu, a duba. Gwamnoni sun shekara da shekaru suna riƙe kuɗin ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa, suna korar zaɓaɓɓu su naɗa ƴan amshin shata. Tarayya ba ta hana sata. Sai dai a Yuli 2024 kotun ƙolin ƙasar ta yanke cewa a biya ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rusa zaɓaɓɓiyar majalisa. Aiwatarwa na jan ƙafa, amma akwai ayar doka da za a kafa hujja da ita, akwai alƙalin da za a kai wa kuka. Kansilan Bande da aka sallama, gaban wa zai kai nasa?

Babu wanda ya ce Nijar ta kwafi maƙwabciyarta harafi da harafi. Ƙasar da ke ƙarancin kuɗi ba ta buƙatar ayarin motocin gwamnoni takwas. Amma ran da za a zauna rubuta sabon tsarin mulki, ƴan kasuwa masu biyan patanti da ma'aikatan da ke jiran takardar ƙarin girma daga Yamai ya kamata su tsaya kan abu uku: a rubuta ikon jiha da na ƙaramar hukuma cikin tsarin mulki, yadda ba a taɓa shi sai da yardarsu, a yanka musu kaso sananne daga kuɗin ƙasa, a biya kai tsaye, kowace gunduma kuma ta zaɓi ɗan majalisarta da sunansa, wanda za a iya tsare shi a kasuwar Bande a tambaye shi. A kira wannan tarayya ko a raɗa masa wani suna, ba damuwa. Abin da ke raba ƙasa shi ne yankin da ke biyan haraji, a bar shi ba bakin magana.