Amili da Ma'amuli: Ƙofar Lissafi Tana Cikin Zaurenmu



Duk lokacin da sakamakon jarrabawar kammala sakandare ya fito, akwai kukan da muka saba ji a zangunanmu, daga Kumasi har Nima: yaro ya ci Larabci, ya ci darasin addini, amma lissafi da fiziks sun kayar da shi. Daga nan sai wasu su yanke hukunci cewa kan ɗan zango bai dace da lissafi ba. Mu ba mu yarda ba. Muna ganin yaranmu suna riƙe da mabuɗi a hannu, ba a dai nuna musu ƙofar da yake buɗewa ba. Za mu kafa hujja da mas'ala guda.

A cikin lissafi mai zurfi akwai wani ginshiƙi da Turawa ke kira ofareta. Ma'anarsa aiki ne da ake ɗorawa a kan abu, ya sauya shi bisa ƙa'ida tabbatacciya. Mafi sauƙinsa shi ne a ce "ninka sau biyu": ka ba shi 3, ya mayar maka da 6. Manyansu kuwa ba a kan lamba ɗaya suke aiki ba. Akwai wanda Leibniz na Jamus ya wallafa a 1684, ya yi masa alama da harafin d. Idan ka ba shi bayanin inda mota take a kowane lokaci tsakanin Kumasi da Tamale, zai fitar maka da saurinta a kowane lokaci. Ka sake ɗora shi a kan saurin, ya gaya maka yadda gudun ke ƙaruwa ko raguwa.

To, wanda ya durƙusa gaban malami ya karanta Ajurumiyya, wannan tunani baƙo ne a wurinsa? Muna cewa Zaidun ƙa'imun. Idan inna ta shigo, sai ta sa wa Zaidu fataha, ta bar wa habari rufu'a. Idan kana ce ta shigo, sai ta bar wa Zaidu rufu'a, fatahar ta koma kan habari. Jumla guda, kalma ta shigo ta sauya ta, kuma kullum haka take yi ko wane suna aka kawo. Malaman nahawu suka kira mai aikin amili, wanda aka yi wa aikin ma'amuli. Abdulƙahir al-Jurjani ya keɓe littafi guda don ƙidaya amilai ɗari. Ɗalibin da ya iya bambance amili da ma'amulinsa ya riga ya taka matakin farko na fahimtar ofareta.

Mas'ala ta biyu ta fi nauyi, ita ce jeri: wane aiki ake fara yi? A nan ma ilimin rabon gado ya riga ya horar da mu. A ce mutum ya rasu, bayan kuɗin jana'iza ya bar sidi 90,000, ana binsa bashin 30,000, ya kuma yi wasiyya da sulusin dukiyarsa. Shari'a ta ce bashi ne farko. An biya, saura 60,000, sulusi 20,000, magada su raba 40,000. Da za a juya, a fara fitar da sulusi, zai zama 30,000, a biya bashi, magada su tashi da 30,000. Ayyuka biyu ne ba su canja ba, amma sauya jerinsu ya cinye wa marayu 10,000. Ba mamaki littafin Alkhawarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820 kuma daga sunansa aka samo kalmar aljabara, babban kaso nasa a kan wasiyya da gado yake.

Wannan batu na jeri shi ne ya girgiza fiziks a 1925. Werner Heisenberg yana neman lissafin da zai bayyana halin ilektaron a cikin ƙwayar zarra, sai ya tarar da adadai waɗanda idan an ninka na farko da na biyu, amsar ta sha bamban da ta ninka na biyu da na farko. Max Born da Pascual Jordan suka tsara abin, aka gane cewa wurin da ilektaron yake da ƙarfin tafiyarsa, wato nauyinsa sau saurinsa, kowanne amili ne, kuma ba sa yarda a musanya musu jeri. Daga nan ƙa'idar rashin tabbas ta 1927 ta fito: ba a iya tantance waɗannan biyu tare ba tare da gibi ba. A kan wannan ilimi aka gina taransista a 1947, wadda jikokinta ke cikin wayar da kuke karanta wannan rubutu da ita.

Wani zai ce nahawu daban, fiziks daban. Gaskiya ne. Inna ba ta auna sauri, kuma wanda ya haddace Alfiyya ba zai warware lissafin Schrödinger ba sai ya shekara da shekaru yana koyo. Zaure ne muke nunawa, ba tsakar gida ba. Amma baƙon da ya gane zaure ba ya juyawa daga bakin ƙofa. Abin da ke karya zuciyar yaranmu shi ne a jibga musu alamomi cikin Turanci ko Faransanci su haddace, ba wanda ya ce musu: wannan alamar mai aiki ce, waccan kuma ita ake yi wa aikin.

Shawararmu ga sarakunan zango da shugabannin makarantun Islamiyya ita ce su haɗa malamin nahawu da na fara'ili da malamin lissafi a tabarma ɗaya, ko da sau ɗaya ne a zangon karatu, kowa ya kawo misalinsa, a yi wa yara bayani da Hausa. Ɗalibanmu da ke jami'a su riƙa zuwa hutu da alli a hannu. Mu iyaye kuma mu daina faɗa a gaban yaro cewa lissafi ba namu ba ne, domin abin da babba ya faɗa da wasa, yaro da gaske yake ɗaukarsa.

Allah Ya buɗa wa 'ya'yanmu basira, Ya ba su ilimi mai amfani.