Doka a Takarda Ba Ta Hana Mashayi Tuƙi

Ƙasashen duniya sun yi ittifaƙi cewa maye da tuƙi ba sa zama inuwa ɗaya, amma sun sha bamban wajen shata iyaka. A Ingila da Amurka, in ban da jihar Utah, sai barasa ta kai miligiram 80 a cikin mililita 100 na jinin direba kafin doka ta hau kansa. Faransa da Jamus sun tsaya a 50, Japan 30, Suwidin da Norwe 20, ita kuwa Hungari ko ɗigo ba ta lamunta ba. Mai karatu zai zaci ƙasar da ta fi matse adadin ita ta fi ceton rayuka. A nawa ganin, abin da ke sa mashayi ya ajiye makullin mota shi ne yaƙinin cewa za a tare shi a hanya.

A Disambar 2014 Sikotlan ta rage iyakarta daga 80 zuwa 50. Da masana a Jami'ar Gilasgo suka bi alkaluman haɗurran da suka biyo baya, ba su ga raguwa ba, suka kuma alaƙanta hakan da rashin tsaurara bincike a kan tituna. A Ostireliya kuwa, tun 1976 jihar Biktoriya ta ba 'yan sanda ikon tsayar da kowace mota, ko ba ta tangaɗi, su miƙa wa direba na'ura ya hura. Jihar New South Wales ta bi sahu a 1982, mace-macen kan hanya suka ragu ƙwarai.

Wasu za su ce tsayar da wanda bai yi laifi ba tauye haƙƙi ne, shi ya sa wasu jihohin Amurka irin su Tekzas ba sa kafa irin wannan shinge. Sai dai jinkirin minti ɗaya bai kai ran mai tafiya a ƙasa ba. Wasu kuma za su ce a irin ƙasashenmu shingen zai koma wurin karɓar na goro. Wannan tsoro yana da tushe, maganinsa kuwa na'urar da ke adana sakamakon kowane gwaji, da hukunta jami'in da ya yi cuwa-cuwa.

A Najeriya iyakar 50 ce, daidai da ta Faransa, alhali ana sayar da barasar leda a bakin tashoshin mota da dama. Kira ga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa: a gwada direban haya tun kafin ya ɗauki fasinja.