Kwamfuta ta yi shiru: kafin a zargi lasifika

Galibin kwamfutocin hannu da ake saidawa a Gaya tsofaffin hannu ne, waɗansu daga Kwatano, waɗansu daga Nijeriya ta hanyar Kamba. Tun da aka rufe gadar Malanville a 2023, kaya suka koma ƙetare kogin Isa cikin kwale-kwale, kowace na'ura ta ƙara daraja a hannun mai ita. Ga shi kuma ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10, alhali Windows 11 ba ta karɓar tsofaffin injuna da dama. Shi ya sa waɗansu masu gyara ke ɗora musu Linux, wanda kyauta ne.

To, a nan rigima kan tashi. Ma'aikaci ya sayi na'ura, ya kai gida, hoto na tafiya amma babu sauti. Ya maido ta, ɗan kasuwa ya rantse lafiya lau ya bayar, mai gyara kuma ya ce a kawo kuɗin sabuwar lasifika. Sau da yawa lasifikar ba ta da laifin komai.

Cikin kowane tsarin kwamfuta akwai abin da Faransawa ke kira nuwayo, wato ƙwaya. Ta Linux, wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta ta a 1991. Ita ce tafinta tsakanin ƙarfen na'ura da sauran aikin da mutum ke gani a allo, kuma tafinta ba ya fassara harshen da bai koya ba. Alal misali, injunan Intel na baya-bayan nan da yawa suna bukatar tsarin sauti mai suna SOF, wanda bai shiga ƙwayar ba sai a lamba 5.2, shekarar 2019. Ubuntu 18.04 kuwa da ƙwaya 4.15 ta fito. Wanda ya ɗora wannan tsohon faifai a kan irin wannan injin, zai iya tarar da "Sortie factice" a wurin sunan lasifika: na'urar ba ta san tana da baki ba. Maganinta sabuwar ƙwaya, irin 6.8 ta Ubuntu 24.04.

Akan samu akasin haka: sauti na nan garau, aka sabunta, ya ɗauke. Nan ba a bukatar ko dala. A kashe, a kunna, a danne Shift ko Esc, a shiga "Options avancées", a zaɓi ƙwayar da ta gabata. Abin takaici, akwai masu gyara da kan share tsohuwar don wai neman fili.

Mai saye kuwa, ya nemi a tada na'urar daga kilen USB mai sabon Linux a gaban mai shago, a saka karatu ko labarai, a gwada lasifika da abin kunne, sannan a yi maganar kuɗi.