A rungumi manhajojin kyauta a Kannywood da makarantu

Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da masu tace fina-finan Kannywood da makarantun koyon aikin jarida za su rabu da manhajojin sata, su koma ga na kyauta, waɗanda kowa ke da izinin amfani da su, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. Tun 2013 kamfanin Adobe ya koma karɓar kuɗin haya wata-wata a kan sababbin manhajojinsa. Matashin da ke haɗa bidiyon biki a ɗan shagonsa na Zoo Road, da tsadar dalar nan, ina zai iya? Sai ya sauko da wadda aka fasa, ta shigo masa da ƙwayar cuta, ranar da kwamfutar ta tsaya cak bidiyon amarya ya salwanta, ba shi da wanda zai kai wa kuka. Alhali ga Kdenlive na tace bidiyo, ga Audacity na gyaran murya, ga GIMP na hoto, ko sisi ba a biya. Mai cewa kayan kyauta ba su da inganci ya dubi Flow, fim ɗin ƙasar Latbiya. Da manhajar kyauta ta Blender aka yi shi, ya kuma lashe kyautar Oscar a 2025.

Ba shakka sauya hannu na da wuya ga wanda ya saba. Don haka jami'o'i su sanya waɗannan manhajoji cikin darussansu tun daga shekarar farko, ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta shirya wa editoci bita, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA kuma ta ɗauki nauyin fassara su zuwa Hausa.