Mu daina kashe sakatarorinmu da aikin da kwamfuta za ta gama cikin minti goma

Rubutun yana da ɗan tsawo, amma duk wanda ya taɓa riƙe muƙami a ƙungiyar ɗalibai, ko yake shirin tsayawa takara, ya daure ya kai ƙarshe.

Mun shiga lokacin da ƙungiyoyi ke rububin shirya walimar 'yan ajin ƙarshe, da makon al'adu, da zaɓen sababbin shugabanni. Daga reshen KASU na Kafanchan zuwa Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, zuwa makarantar koyon jinya ta Kafanchan, har ƙungiyoyin 'yan gida da muke da su a Zariya da Kano da Jos, labarin ɗaya ne. Shugaba ya yi jawabi a tafa masa, sauran aikin kuma ya faɗa kan mutum ɗaya, wato sakatare. Shi zai buga takardar gayyata, shi zai buga satifiket, shi zai rubuta rasit, shi zai tura saƙon tuni. Takarda iri ɗaya ce, suna kawai ake canzawa, amma sai ka ga bawan Allah ya kwana uku a kai, ga jarrabawa ta ƙarato. A ganina wannan zalunci ne da muke yi wa junanmu ba tare da mun lura ba. Duk takardar da ake maimaitawa fiye da sau ashirin, kamata ya yi a ɗora wa kwamfuta ita.

Bari in yi bayanin yadda abin yake, don wasu da sun ji an ce kwamfuta za ta yi aiki da kanta sai su ɗauka sai wanda ya karanta kimiyyar kwamfuta. Abu uku ne kacal. Na farko fom, irin na Google Forms, wanda kowane mamba zai cike da wayarsa: sunansa, sashensa, ajinsa. Na biyu jadawali: duk abin da aka cike yana sauka da kansa cikin Google Sheets, kowane mutum da layinsa. Na uku ita ce abin da nake kira uwar takarda. Satifiket ɗaya za ka tsara, ko wasiƙa ɗaya, ka bar gurbi a wurin suna da wurin sashe. Daga nan sai ka haɗa jadawalin da uwar takardar, ita kuma ta haifo maka 'ya'ya daidai da yawan layukan da ke ciki. In mambobi 150 ne, satifiket 150 za su fito, kowanne da sunan mai shi.

Hanyoyin haɗawar suna da yawa. Akwai Autocrat, wani ɗan ƙari ne da ake liƙa wa Google Sheets, yana iya mayar da kowace takarda PDF har ya tura wa mai ita ta imel. Sai dai a kwamfuta ake saita shi, ba a manhajar waya ba, kuma asusun Gmail na kyauta ba ya barin irin wannan aiki ya wuce mutum 100 a rana, don haka in kuna da yawa sai a raba kwana biyu. Akwai kuma Mail Merge da ke cikin Microsoft Word, wanda ya daɗe a wurin tun kafin a haifi da yawa daga cikinmu. Shi wannan ko intanet ba ya buƙata, jerin sunaye a Excel ya ishe shi. Ga wanda ya je hutu Fadan Kagoma ko wani ƙauye inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wannan ita ce hanyar da ta fi. Canva ma tana da irin nata, amma yana cikin ɓangaren da ake biya. Zama ɗaya na ranar Asabar da laftof na aro ya isa mutum ya koya.

To ba sauƙin aiki kaɗai ya sa na dage a kan maganar nan ba. Babban dalilina shi ne suna. Mu 'yan kudancin Kaduna mun san wannan ciwon. Gwong, Bajju, Atyap, Ham, Agworok, Fantswam, kowa da irin sunayensa, kuma akwai sautukan da Hausa da Turanci ba su da su. Ko sarautarmu ta Kagoma, Kpop Gwong, ka ba wanda bai taɓa jin ta ba ya rubuta, ka ga abin da zai fito. Yanzu ka ɗauki jerin sunayen da aka rubuta da biro a takardar da ta zagaya aji, kowa da irin hannunsa, ka miƙa wa mai buga takardu da ya gaji tun safe. Harafi ɗaya zai faɗi, biyu su yi musayar wuri, kwamfutar ma ta ja jan layi ta ba shi shawarar wata kalmar Turanci. 'Yan uwanmu Hausawa ma ba su tsira ba: Muhammad guda ɗaya ana rubuta shi ta hanya huɗu ko biyar, ƙugiyar ɗ da ƙ kuwa sai wanda ya ga dama. Kowa a cikinmu ya san wani da ya yi ta zarya kotu yana rantsuwa saboda sunan da ke JAMB ya saba da wanda ke NIN. In kowa ya buga sunansa da yatsansa a fom, sau ɗaya, babu wanda zai sake kwafa balle ya lalata. Wanda ya yi kuskure kuma, ya san ba sakatare zai tsare a bakin hostel ba.

Dalili na biyu kuɗi ne. Ku faɗi gaskiya, ƙungiya nawa kuka sani da aka miƙa mulki lafiya ba a yi cacar baki kan kuɗin shekara ba? Sau da yawa ba sata aka yi ba. Littafin rasit ne ya ɓace, ko wani ya tura kuɗi ta waya ba a rubuta ba, ko ma'aji ya rubuta a wayarsa aka sace wayar a tasha. In biyan kuɗi yana shiga jadawali, rasit yana fita da kansa zuwa ga wanda ya biya, kowa yana da shaida a hannu. Google Sheets kuma tana ajiye tarihin gyara, tana nuna wane ne ya taɓa wane layi da kuma ranar da ya taɓa. Ma'aji mai gaskiya shi zai fi kowa murna da wannan, don yana wanke shi daga zargi.

Amma fa da sharaɗi. Asusun ya zama na ƙungiya ne, da sunanta aka buɗe, lambar sirri tana hannun shugabanni biyu ko uku da uban ƙungiya. In aka yi komai a imel ɗin sakatare, ranar da ya tafi bautar ƙasa Bayelsa shi ke nan, sabon sakatare ya dawo farawa daga tushe. Shekara da shekaru muna wannan, shi ya sa za ka tarar ƙungiyar da ta girmi mambobinta ba ta san ko mutum nawa ta yaye ba.

'Yan uwana masu digiri na biyu, mu ma abin ya shafe mu. Tun da cutar nan ta afka wa citta a daminar 2023 a Kachia da Jaba da Kagarko da Jema'a, ɗalibai da dama na ɓangaren noma da tattalin arziki sun karkata bincikensu can. Mutum ya yi hoton takardar tambayoyi ɗari biyu, ya bi gona gona, ya dawo ya zauna mako biyu yana kwafe amsoshi cikin Excel. KoboToolbox kyauta ce, tana aiki a waya ko babu sabis, in ka shigo gari ta tura abin da ka tara. Mako biyun nan ka ba nazarin sakamako, wanda shi ne malamai za su tsare ka a kai ranar kare aiki.

Na san akwai masu ja, kuma wasu hujjojinsu suna da ƙarfi. Wani zai ce masu shagon buga takardu a bakin makaranta fa, da wannan suke ci. Gaskiya ne. Sai dai har gobe wurinsu za mu kai a fitar mana a kan kati mai kauri, a yi mana hoto, a ɗaure mana furojet. Wanda ya koyi haɗa jadawali da uwar takarda a cikinsu ma kasuwarsa ce za ta buɗe, don makarantun firamare da sakandare na Kafanchan duk suna fama da katin sakamako a ƙarshen kowane zango.

Wani zai ce in kuskure ya shiga uwar takardar ai ya shiga duka 150. Wannan ma haka ne. Maganinsa a fitar da guda ɗaya tak, mutum uku su karanta, a duba kwanan wata da sunan uban ƙungiya da muƙaminsa, kafin a saki sauran.

Hujjar da ta fi damuna ita ce ta sirri. Jadawalin da ke ɗauke da sunan ɗaliba, da lambar wayarta, da ƙauyensu, da lambar mahaifinta, ba abin wasa ba ne a yankin da muka san halin tsaron hanyoyinmu. Kuskure ne babba a jefa mahaɗin irin wannan jadawali a zauren WhatsApp mai mutum ɗari uku, inda ba ka san wa zai tura wa wa ba. Tun Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane, amma ko babu doka, amana ce. Kada fom ya tambayi abin da aikin bai buƙata ba. Satifiket ba ya buƙatar adireshin gida. Mambobi su ga jimillar kuɗin da ya shigo, lambobin waya kuma su tsaya wurin mutum biyu.

Sannan akwai takardun da ko kusa bai kamata su bi ta wannan hanya ba. In mamba ya yi rashi, ba a tura masa ta'aziyyar da aka cike gurbin suna. A tashi a je, zumunci a ƙafa yake. In za a nemi hakimi ko wani dattijon gari ya zama babban baƙo, a zauna a rubuta masa tasa wasiƙar, a kai hannu da hannu. Manyan nan suna gane takardar da aka buga wa mutum hamsin, kuma suna gane wadda aka rubuta dominsu. Haka nan kada wani ya fake da maganata ya ce ChatGPT ta rubuta masa babi na biyu. Cike gurbin suna a satifiket aikin hannu ne da babu tunani a ciki. Bitar abin da masana suka rubuta kuwa shi ne karatun da ka zo yi, ka ba na'ura shi ka biya kuɗin makaranta a banza.

Roƙona ga shugabannin da ke shirin sauka: kafin ku miƙa mulki ku bar wa na bayanku asusun ƙungiya, da jadawalin mambobi mai tsabta, da uwayen takardu na gayyata da rasit da satifiket. Ga masu zaɓe kuma, ranar da 'yan takara za su zo neman ƙuri'a, ku tambayi mai neman sakatare ina zai ajiye bayananku, kuma wa zai iya gani. Wanda ya riga ya iya abin nan a cikinmu ya zaunar da 'yan aji ɗaya guda biyu ya nuna musu kafin a tafi hutu.

Ku tura wa sakataren ƙungiyarku. Allah ya ba masu jarrabawa sa'a, ya kai mu gida lafiya.