Hazon Difa Ba Ƙura Kaɗai Ba Ne

Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan lulluɓe garin Difa da kwarin Komadugu. Jama'a sukan ce hunturu ne ya kwaso ƙura daga Bodele, cikin ƙasar Cadi. Gaskiya ne, amma da saura.

Itacen girki da na jin ɗumi, da bandar kifi, da shara da bambaron shinkafa da ake ƙonawa, duka suna tada hayaƙi. Da dare iska mai sanyi takan kwanta ƙasa, ta hana shi tashi. Tururin hayaƙin kuwa sai ya daskare ya zama ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, amma suna kutsawa har cikin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida ya halaka mutum wajen miliyan 3 da dubu 200 a shekarar 2020.

Ba mai ikon tsayar da ƙurar Bodele. Amma yaɗa murhu mai tattalin itace, da sauƙaƙa kuɗin gas, da hana ƙona shara cikin unguwa, suna hannun hukuma da magidanta. Rigakafi ya fi magani.